Yadda Na Riski Bikin 4 ga Yuli a Amurka

Ana tsakiyar suyar naman Babbar Sallah ta 2023 na bar Kano. Ƙanina da ya daɗe yana aiki a jihar Maryland ne ya matsa mini lamba, ya ce tunda na ajiye alli na yi ritaya, ba ni da sauran uzurin da zai hana ni zuwa in ga 'ya'yansa. Maganar biza na gama ta tun da wuri a Abuja, na biya dala 160, kafin a mayar da kuɗin 185 a watan Yuni.

Maiɗakina ta riga ta ware soyayyen nama cike da bokiti wai a kai wa su ƙanin nawa. Da ya ji labari sai ya bugo waya hankali a tashe: "Yaya, don girman Allah kada ka ɗauko ko tsoka ɗaya. Ko kilishi ne kada ya shiga jakarka." Dokar ƙasar ta hana matafiyi shiga da nama daga irin ƙasashenmu, kuma wanda ya ɓoye aka kama shi tara ce mai nauyi. Ranta bai so ba, amma haka aka sauke bokitin, aka maye gurbinsa da kuka, busasshiyar kuɓewa da yajin tsire, sai hulunan da na saya wa yara a kasuwar Kurmi.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka sauka a Addis Ababa, muka canza jirgi cikin dare. Birnin yana kan tudu ne, sama da mita 2,300, shi ya sa babban jirgi ba ya iya tashi daga can da cikakken man da zai kai shi Amurka. Sai da muka ya da zango a Turai aka ƙara mai muna zaune a kujerunmu. Sauran tafiyar barci ne da ciwon gwiwa.

Da safe muka sauka a filin jirgin Dulles da ke jihar Virginia. Wata mota mai dogayen ƙafafu ce ta zo ta manne da ginin ta kwashe mu zuwa wajen jami'an shige da fice. Layi ya yi tsawo amma yana tafiya, babu mai tsallake wani. Jami'in da na faɗa hannunsa ya ɗauki hotona da zanen yatsuna, ya tambaye ni wurin wa na zo, a ina zan sauka, yaushe zan koma, da wane aiki nake yi a gida. Da na ce tarihi na koyar, sai ya ɗago kai ya ce to na zo a daidai, Talata mai zuwa ce ranar 'yancinsu. A wajen ɗaukar kaya wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa yana bin jakunkuna yana sansana. Ni na riga na faɗa musu ina ɗauke da kayan miya. Suka buɗe, wata jami'a ta ɗaga ƙullin kukar ta juya shi, ta tambayi ko mene ne, na ce ganyen bishiya ne aka daka. Ta tambaya ko akwai nama, na ce babu, ta ɗaure mini ta ce in wuce.

Ina fita daga ginin wani irin zafi ya tare ni. Na taso a Kano, na san zafin watan Afrilu, amma nasu mai ɗauke da danshi ne, iska ba ta motsi, gumi ya fito ya ƙi bushewa. Kafin mu isa inda ƙanina ya ajiye mota rigata ta manne da bayana. Sararin sama kuma ya yi dishi-dishi. Ya ce hayaƙin gobarar dazukan Kanada ne da ya lulluɓe garin a makon, har hukuma ta ce masu asma su zauna a gida.

Gidansa yana Silver Spring, gab da iyakar Washinton ta arewa. Abin da ya fara rikita ni shi ne lokaci. Bayan tazarar awa 5 da ke tsakaninsu da gida, rana ba ta faɗuwa sai bayan takwas da rabi na dare, isha'i ta wuce ƙarfe 10, asuba kuma huɗu da 'yan mintuna. Abu na biyu tutoci. Kusan duk gida uku a layin sai ka ga ɗaya da tuta a jikin ƙofa ko an kafa ƙanana a gefen ciyawa, kuma ba hukuma ce ta raba ba, kowa da kuɗinsa ya saya. A kantin da muka shiga komai ya koma ja da fari da shuɗi: faranti, kofi, riga, kek, har da abin wuyan kare. Na ɗauki wata hular rana da aka rubuta dala 10 a jikinta, a wajen biya aka ce 10 da santi 60, saboda harajin kashi 6 cikin ɗari da jihar ke ɗorawa sai an zo biya. A lokacin dala ta haura naira 700, don haka duk abin da na taɓa sai na buga lissafi a zuci, har ƙanina ya ce, "Yaya, in ka ci gaba da wannan lissafin ko ruwa ba za ka sha ba a garin nan."

Daren Asabar ne ya fi tsaya mini a rai. Na kwanta ke nan sai na ji tau! tau! tau! a jere, sannan wata ƙara mai nauyi da ta girgiza tagar ɗakin. Ban san lokacin da na sauko daga gado na tsuguna a jikin bango ina salati ba. Duk wanda yake Kano ranar Juma'a 20 ga Janairu, 2012, ya san abin da irin wannan ƙarar take yi wa ƙirji. A ranar ina hanyar komawa gida daga makaranta lokacin da bama-bamai suka fara tashi, kuma har gobe jikina bai manta ba. Ƙanina ya ji motsina ya turo ƙofa, ya ce in kwantar da hankalina, wasan wuta ne samari suka fara tun kafin ranar ta zo. A gundumarsu ta Montgomery an haramta sayarwa da kunnawa gaba ɗaya, amma ana shigo da su daga wasu wuraren. Na koma na kwanta, barci dai bai zo ba.

Da gari ya waye kuma sai ga labari a talabijin: a daren nan ɗin, a birnin Baltimo da bai fi tafiyar awa ɗaya daga inda muke ba, an buɗe wuta a wajen wani taron unguwa, mutum 2 sun mutu, 28 sun ji rauni, da yawansu matasa ne. Matar ƙanina ta ce abin da ya fi damun iyaye a wannan makon ke nan, ba ka iya bambance ƙarar wasa da ta bindiga. Na faɗi wannan ne don masu ganin cewa da an taka ƙasar an rabu da fargaba.

A yammacin Lahadin na haɗu da maƙwabcinsu, wani dattijo baƙar fata da ya haura saba'in, tsohon soja da ya yi yaƙin Biyetnam. Yana ba furanninsa ruwa, ga wata babbar tuta tana lilo a barandarsa. Ƙanina ya gabatar da ni, ya ba shi labarin daren jiya. Dattijon bai yi dariya ba. Ya kashe famfo ya ce shi ma haka yake, duk shekara idan ranar ta zo yakan sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya ƙure sautin talabijin har a gama. Daga nan hira ta ɓarke tsakaninmu a kan katangar katako, har sauro ya fara cizo.

Na tambaye shi yadda yake ji game da ranar. Ya ce in na san tarihi to na san Frederick Douglass. An haife shi bawa a nan jihar Maryland, ya gudu daga Baltimo a 1838, ya zama bakin da ya fi kowane kaifi wajen yaƙar bauta. Ranar 5 ga Yuli, 1852, aka gayyace shi jawabin bikin 'yanci a garin Rochester, ya tsaya a gaban fararen fata ya ce musu wannan rana tasu ce, ba tasa ba, su yi murna, shi makoki zai yi. Dattijon ya ce a cocinsu har yanzu ana karanta wannan jawabin duk shekara. Ya ce a wurin danginsa ranar 19 ga Yuni ta fi nauyi, ranar da a 1865 labarin 'yanci ya isa ga bayin Galveston a Texas, wadda sai a 2021 gwamnatin tarayya ta mayar da ita ranar hutu. Na nuna tutar da ke barandarsa na ce to wannan fa? Ya dube ta ya ce kakanninsa na cikin waɗanda suka yi wa ƙasar aiki ba lada, bayi sun sa hannu a ginin majalisa da na fadar shugaban ƙasa, shi kuma ya ba ta ƙuruciyarsa a fagen yaƙi, don haka babu wanda ya fi shi haƙƙin rataya ta. Na daɗe ina juya maganar nan a raina. A wurinmu wanda ya fadi laifin ƙasa sai a ce ba ya kishinta, wanda ya ɗaga tuta kuma sai a ce an ba shi wani abu ne. Wannan bawan Allah ya haɗa biyun a baranda ɗaya.

Ran Litinin muka shiga cikin Washinton a jirgin ƙasan da suke kira Metro, muka nufi gidan adana takardun tarihi na ƙasa. Shiga kyauta ne, sai dai layi da binciken jaka. A wani zaure mai rufin ƙubba da hasken da aka rage ƙwarai aka ajiye takardar ayyana 'yancin cikin gilashi, kusa da kundin tsarin mulki. Tawadar ta koɗe har da ƙyar ake karanta ta, amma sa hannun John Hancock, shugaban taron wakilan da suka amince da ita, wanda ya fi na kowa girma, ana iya gane shi. Na shekara da shekaru ina faɗa wa ɗalibai labarin takardar nan a kan allo, yau ga ni tsaye a kanta. Wakilan yankuna 13 da ke ƙarƙashin Sarkin Ingila George na Uku ne suka amince da ita a Filadelfiya ranar 4 ga Yuli, 1776, mutum 56 suka sa hannu. Thomas Jefferson ne ya tsara rubutun, shi ya rubuta cewa an halicci dukkan mutane daidai, alhali a tsawon rayuwarsa ya mallaki bayi fiye da 600. Kuma ranar da suke biki ba ita ce ranar da Ingila ta sake su ba. Ranar da su da kansu suka ce sun fita ce, yaƙi bai ƙare a hukumance ba sai da yarjejeniyar Paris ta 1783. Mu namu a teburin shawara aka kammala shi, aka sauke tutar Ingila a filin sukuwa na Legas a 1960, Gimbiya Alexandra ta miƙa wa Abubakar Tafawa Ɓalewa takardun mulki. Da muka fito na hango ƙubbar majalisar dokokinsu, na tuna cewa a watan Yulin 1961 Ɓalewa ya zo garin nan bisa gayyatar Shugaba Kennedy, ya yi jawabi a majalisar wakilai. Na faɗa wa yaran, babbar ta ce ba a taɓa gaya musu ba.

Ranar Talata da sassafe matar ƙanina ta tashe mu. Ni na zaci babban faretin da ake yi a titin Constitution za mu, sai ƙanina ya ce a'a, in ina son ganin yadda talakawa suke bikin, mu je Takoma Park, wani ɗan gari da ke maƙwabtaka da su wanda ya fi shekara ɗari yana faretinsa. Muka tarar mutane sun jera kujerun naɗewa a bakin titi tun kafin ƙarfe 10, wasu sun shimfiɗa barguna a gindin bishiya, tsofaffi a keken guragu, jarirai a keken turawa. Motocin kashe gobara ne suka buɗe hanya da jiniya. Sai 'yan makaranta masu ganguna da ƙahonni, sai tsofaffin sojoji, sai yara a kan kekunan da suka yi wa ado da ƙyallaye. Bayansu wasu 'yan asalin Boliviya suka zo da rawarsu cikin kaya masu nauyi da ƙyalli, gumi na zuba amma ba su fasa tsalle ba, sai mutanen tsibiran Karibiyan suna kaɗa gangunan da aka ƙera daga durom ɗin ƙarfe. Babu tsarin a zo a gani, wani rukunin ma mutum bakwai ne da allon da suka rubuta da hannu, amma duk wanda ya wuce sai an tafa masa.

'Yan siyasar yankin ma sun fito, a ƙasa suke tafiya, suna ɗaga hannu suna jefa wa yara alawa. Wani da ƙanina ya ce zaɓaɓɓe ne ya zo wucewa, wata tsohuwa da ke kusa da ni ta kira shi da sunansa ta yi masa ƙorafin wani titi, ya tsaya ya saurare ta har jerin ya bar shi, sannan ya bi su da sassarfa. Babu rumfar manyan baƙi, babu jawabi.

A nan ne tunanina ya koma gida. Na yi maci ranar 1 ga Oktoba ina ɗan firamare, na kuma kai ɗalibai maci da na zama malami. Mako biyu ana atisaye, a wanke yunifom a goge, a kwashe yara tun da asuba a tsayar da su a rana cirko-cirko ana jiran babban baƙo, wani yaron har ya yanke jiki ya faɗi. A yi jawabi, a sara, a watse. Wanda ba ɗan makaranta ba, ba ma'aikaci ba, in ka tambaye shi sai ya ce yau dai babu aiki. Ranar ta hukuma ce, mu 'yan kallo ne. Amma ban yarda a ce ba mu iya bikin da jama'a ke riƙe da shi da kansu ba, domin ga Sallah nan. Wa yake biyan mutum ya ɗinka wa 'ya'yansa kaya, ya kai wa maƙwabci tuwo, ya fita kallon Hawan Daushe? Abin da na gani a Takoma Park ya fi kusa da wannan nesa ba kusa ba: dangi su taru, a gasa nama, a fita kallo, yara su ƙoshi da zaƙi. Bambancin shi ne su ƙasarsu suka yi wa wannan hidimar. Ina ganin mutum yakan yi wa abu biki ne idan yana jin nasa ne, kuma wanda ya ga titin unguwarsu da makarantar 'ya'yansa da motar kashe gobarar da za ta zo in ya kira, ba sai an roƙe shi ya sayi tuta ba.

Da rana aka hura gawayi a bayan gida. Ƙanina ya sayo naman sa da kaji a shagon halal, domin tsiran da Amurkawa suka fi gasawa a ranar sau da yawa akwai alade a ciki, sai mutum ya karanta jikin leda da kyau. Yajin da na kawo ya yi rana. Aka gasa masara, aka yanka kankana, matar gidan ta yi dafa-duka da zoɓo mai sanyi. Dattijon nan ma an miƙa masa faranti ta kan katanga, ya ci tsiren yana share hawayen yaji yana neman ƙari.

Cikin baƙin akwai wata baiwar Allah 'yar Damagaram da ke aikin jinya, da wani Alhaji direban tasi, haifaffen zangon Kumasi, wanda Hausarsa ta sha bamban da tawa amma ba mu ɓata da juna ko sau ɗaya ba. Bai daɗe da zama ɗan ƙasa ba. Ya ba ni labarin jarrabawar: a lokacin tambayoyi 100 ake ba mutum ya haddace kan tarihi da tsarin mulki, a yi masa har 10, in ya ci 6 ya wuce. Ya ce, "Malam, kai da ka koyar da tarihi, taurari nawa ne a tutar, kuma zanen nawa?" Na ce 50 na jihohi, 13 na yankunan farko. Ya ce to saura biyar in ba ka fasfo. Ya ce a irin wannan ranar ana rantsar da sababbin 'yan ƙasa a Mount Vernon, tsohon gidan George Washington, shugaban Amurka na farko, kuma ya taɓa kai fasinja can ya ga manyan mutane suna kuka. Na tambaye shi shi fa, ya yi kukan? Ya ce ranar da ya ɗaga hannu mahaifiyarsa ya tuna, wadda ta rasu yana nan bai samu zuwa jana'iza ba saboda takardunsa ba su fito ba. Sai ya juya naman da ke kan wuta, muka shiga wata maganar.

Abin da ya sosa mini rai a wajen cin naman shi ne ƙaramar 'yar ƙanina. Ta tsaya a gabana ta ɗora hannu a ƙirji ta karanto mini alkawarin biyayya ga tuta da suke yi a makaranta, tiryan-tiryan ba gargada. Na yaba mata, sannan na ce da Hausa, "Zo nan, uwata, me kika ci yau?" Ta juya ta kalli babanta ya fassara mata. "Baffa" kaɗai take iya faɗa da "ina kwana". Daga baya na keɓe da ƙanina na ce masa ƙasar nan ta san yadda take shigar da kanta zuciyar yaro tun yana ɗan shekara biyar, in shi bai yi nasa ƙoƙarin a cikin gida ba, ranar da za su je Kano gaishe da Hajiya sai an nemo tafinta. Ya yi shiru, ya ce gaskiya ne, Yaya.

Bayan la'asar muka kama hanyar babban filin da ke tsakiyar Washinton, wanda ya miƙe daga ginin majalisa har zuwa ginin tunawa da tsohon shugaban ƙasa Lincoln. A ranar an yafe kuɗin Metro daga ƙarfe 5 na yamma. An kewaye wurin kallon da shinge, sai ta ƙofofin da aka tanada ake shiga, 'yan sanda suna buɗe kowace jaka. Ba a shiga da kwalba, ba a shiga da giya, ba a shiga da abin wasan wuta. Wanda ya bincike ni ya ga 'yar dardumar sallata, ya mayar da ita yadda ya same ta ya ce in ji daɗin biki. Ruwan roba da muka ƙara saya a hanya dala 3 ne kowanne, wanda a ranar ya haura naira dubu biyu.

Jama'a kuwa ba a magana. Muka samu wuri a kan ciyawa kusa da doguwar hasumiyar tunawa da George Washington, mai tsawon ƙafa 555. A hagunmu wasu Indiyawa ne da kulolin abinci, a damanmu iyali masu magana da Sifaniyanci, a gabanmu wasu Habashawa, can kuma wasu fararen fata da suka ce daga Ohio suka yi tuƙi. Aka yi ta zama ana fifita da kwali, yara suna guje-guje. Da rana ta faɗi muka shimfiɗa darduma ni da ƙanina da Alhajin Kumasi. Alƙibla a can arewa maso gabas take, sai da na duba wayar ƙanina sau biyu kafin zuciyata ta natsu. Muna cikin sallah wani yaro ya zo zai gifta ta gabanmu da gudu, na ji uwarsa ta janye shi tana yi masa raɗa. Da muka sallame ta ɗaga mana hannu alamar ban haƙuri.

Ƙarfe tara da minti tara aka harba na farko daga gefen dogon tafkin da ke gaban ginin Lincoln. Na shirya wa ƙarar, na riƙe carbina, duk da haka ta farko sai da ta daki ƙirjina. Amma da yake ina ganin inda take fitowa, ga kuma dubban mutane suna sowa, sai tsoron ya sake ni a hankali. Wata takan hau sama shiru, sai ka ɗauka ta mutu, sannan ta buɗe ta zama ƙwallon ja da ya rufe rabin sama. Wata ruwan zinare ce, takan zubo a hankali har ta kusa taɓa bishiyoyi. Hasken yana sauka a jikin farin dutsen hasumiyar yana canza masa launi, hayaƙi mai warin albarushi yana biyo iska. Ƙaramar yarinyar tana kan wuyan babanta ta toshe kunnuwa da hannu biyu, bakinta a buɗe. A ƙarshe suka saki komai a lokaci guda har ƙasa tana rawa a ƙarƙashinmu, sannan tsit, sai tafi. Duka bai kai minti 20 ba. Na tuna da dattijon da ke ɗakin ƙasa a daidai wannan lokacin, na yi masa addu'ar samun sauƙin daren.

Fitowa ce ta zama aiki. Tashar jirgin ta cika kamar Kantin Kwari a jajiberin Sallah, ma'aikata suna tare mutane a bakin matakala suna sakin su rukuni-rukuni. Ba mu isa gida ba sai wajen sha ɗaya da rabi, ƙafafuna sun kumbura, unguwa kuma ta ɗauki ƙarar wasan wutar samari har kusan ƙarfe biyu. Washegari ƙarfe bakwai ƙanina ya rataya jakarsa ya tafi aiki, hutun kwana ɗaya ne tak. Da na raka matarsa kanti da yamma, an tara ragowar tutoci da farantan nan a kwando guda an karya kuɗinsu rabi, an fara jera littattafai da jakunkunan komawa makaranta a inda suke.

Sauran zamana na yi shi ne tsakanin gidajen tarihi na Smithsonian, waɗanda duk kyauta ake shiga, da babban masallacin titin Massachusetts da Shugaba Eisenhower ya halarci buɗe shi a 1957, da kuma koya wa yaran gaisuwa da ƙirga da Hausa kullum bayan la'asar. Kafin in taho ƙaramar ta iya ƙirga har ashirin, ta kuma iya cewa "Baffa, a sauka lafiya". Na biyo ta Addis Ababa na dawo. Na tarar damina ta zauna sosai a Kano, litar mai kuma ta haura naira 600, don haka mai tasin da ya ɗauko ni daga filin jirgi sai da muka yi ciniki mai tsawo kafin ya yarda ya kai ni gida.